Silib ko baifas: yadda aka zaɓa wa wata 'yar kasuwar Agege tiyatar rage ƙiba

Matar da wannan rubutu ya shafa 'yar kasuwa ce mazauniyar Agege, uwar 'ya'ya biyar, shekarunta 43 lokacin da aka fara maganar tiyata a ƙarshen 2022. Atamfa da leshi take sarowa a kasuwar Balogun tana aikawa Kantin Kwari, in kayan sun yi yawa ta bi su da kanta. Hajiya kawai zan kira ta, kuma da yardarta nake rubuta wannan. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin unguwa inda take zuwa awon suga da hawan jini. Ni ce na yi mata tafinta gaban likitan tiyata, domin Turancinta da Yarabancinta duk na ciniki ne.

Nauyinta kilo 128, tsawonta mita 1.63. In aka raba nauyin da tsawon, aka sake raba abin da ya fito da tsawon, za a sami 48, shi ne ma'aunin da ake kira BMI. Hukumar Lafiya ta Duniya daga 30 take fara lissafin ƙiba, daga 40 kuwa an shiga mataki na uku, mafi tsanani. Shekara shida tana da ciwon suga, ta fara da ƙwayar metfomin, wajen shekara guda kafin wannan magana aka ƙara mata allurar insulin, wadda take ajiyewa a firjin da rabin yini babu wuta. Gwajin jinin da ke nuna matsakaicin suga na wata uku ya ba da 9.1, alhali ƙasa da 7 ake nema. Tana shan maganin hawan jini kala biyu. Gwiwoyinta sun sa ta koma salla kan kujera, kuma kusan kullum sai ta haɗiyi dikilofenak kafin ta fita. Da dare tana minshari har numfashi ya tsaya mata, maigidanta ya taɓa ta ta farka a firgice. Ƙwannafi ya sa matashi uku take tarawa ta kwanta. Jinin al'adarta yana da yawa, awon jininta 10.2, wato yana ƙasa.

Na jero waɗannan ne saboda kowannensu ya ja zaɓin tiyatar zuwa wani ɓangare, kuma ba duka gefe ɗaya suka ja ba.

Kafin a kai ga wuƙa ta gwada abin da kowa ke gwadawa: shayin rage tumbi da ake talla a WhatsApp, ruwan ɗumi da lemon tsami da sassafe, barin tuwon dare, har da wani jiƙo da aka aiko mata daga gida wanda ya kwantar da ita da gudawa. Takan sauke kilo bakwai ko takwas, su dawo da riba. Ba lalaci ba ne. Macen da ke hawa danfo da asuba zuwa tsibirin Legas ta yini tana ciniki ba malalaciya ba ce. Jiki ne in ya ga nauyi na sauka sai ya ƙara yunwa, ya rage ƙona abinci, har ya koma inda ya saba. An yi maganar allurar semagulutayid ta mako-mako. A babban gwajin da aka buga a 2021 ta sauke wa mutane kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, amma waɗancan ba masu ciwon suga ba ne, ga masu suga ragin bai kai haka ba, kuma in an daina allurar yawancin nauyin dawowa yake. Hajiya ta buga lissafin sayenta kowane wata har abada, ta ce a bar maganar.

Batun ko ta cancanci tiyata bai ɗauki lokaci ba. Ƙa'idar da aka kafa a Amurka tun 1991 ita ce BMI 40, ko 35 tare da cuta irin suga. A Oktoban 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin fannin biyu, ta Amurka da ta duniya, suka sauko da ita zuwa 35 ko da babu wata cuta. Ta tsohuwa ko ta sabuwa, Hajiya ta wuce layin da nisa. Tambayar ita ce wane aiki.

Abin da ta zo nema

Ta zo da amsarta a hannu. Wata ƙawarta a Kano ta je Masar an yi mata silib, ta dawo cikin mako guda, bayan wata takwas ta turo hoton biki sanye da leshin da ta ajiye tun kafin haihuwarta ta biyu. Wani dillalin jinya ya riga ya turo wa Hajiya farashi a dunƙule, jirgi da masauki da aikin. Abin da ya kawo ta wurin likita a Legas, a cewarta, shi ne ta ji ko za a yi mata a nan da sauƙi.

Likitan, wanda ke aiki a wani asibitin kuɗi a tsibiri, ya jawo farar takarda ya zana mata tumbi sau uku.

A zane na farko ya sa zobe a saman tumbin. Zoben roba ne da ake matsewa ko a sassauta ta hanyar zuba masa ruwa da allura ta wata 'yar ƙofa da ke ƙarƙashin fata. Ba a yanka komai, ana iya cirewa. An amince da shi a Amurka a 2001, ya yi tashe na wasu shekaru, sannan ya faɗi, saboda yakan zame, yakan ci bangon tumbi, kuma da yawa sai an koma an cire. Bayan haka yana son a riƙa zuwa ana daidaita shi akai-akai. Ga wadda ke tsakanin Legas da Kano wannan kaɗai ya isa. Likitan ya soke zanen, bai ƙara komawa kansa ba. Haka ya yi da balan-balan ɗin da ake zurawa cikin tumbi, wanda ake cirewa bayan kamar wata shida.

Zane na biyu shi ne silib. Ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a tsaye, a fitar da shi waje, a bar siririn abu mai siffar ayaba. Hanji ba a taɓa shi, abinci yana bin hanyarsa ta asali. Sashen da ake cirewa shi ne ke samar da mafi yawan girelin, sinadarin da ke tayar da yunwa, wanda masana a Japan suka gano a 1999, shi ya sa mutum ba ƙoshi da wuri kawai yake ba, kwaɗayin ma yana kwanciya. Asalinsa matakin farko ne na wani babban aiki da ake raba wa masu nauyi ƙwarai gida biyu, sai aka lura da yawa ba sa buƙatar kashi na biyun. Yau shi aka fi yi a duniya. Ya fi saurin gamawa, ya fi sauƙin koyo. Abin da aka cire kuwa ya tafi ke nan.

Na uku baifas, wanda ya girme su duka. Edward Mason na Jami'ar Ayowa a Amurka ne ya fara shi a shekarun 1960, a farkon shekarun 1990 Alan Wittgrove ya yi shi ta ƙananan huji ba tare da an farke ciki ba. Ana ware ɗan aljihu a saman tumbi wanda bai wuce cin mililita 30 ba, cokalin cin abinci biyu ke nan. Sai a yanke ƙaramin hanji, a jawo bakin ƙasa a ɗinke da aljihun, a mayar da bakin sama a haɗa can gaba, kamar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi daga aljihun. Sauran tumbin yana nan a ciki, yana ta fitar da ruwansa, amma abinci ba ya bi ta cikinsa, ba ya kuma bi ta farkon hanji. Saurin isar abinci can ƙasan hanji yana tayar da sinadaran da ke taimakon insulin, shi ya sa sugan wasu ke sauka cikin kwanaki, tun nauyi bai motsa ba.

Hajiya ta duba zanen na uku ta ce da ni, «Sista, gaya masa wannan ya cika kwana-kwana. Na tsakiya nake so.»

Abin da bincike ya nuna

A nan zan ɗan tsaya, domin alƙaluman da ake yawo da su a talla ba su ne na bincike ba. Mai talla kilo na shekarar farko yake nunawa. Na shekara ta biyar ne ke da amfani.

Wani nazari da aka buga a Amurka a 2018, wanda ya bi bayanan dubban marasa lafiya, ya sami cewa bayan shekara biyar masu baifas sun rage kashi 25.5 cikin 100 na nauyinsu, masu silib 18.8, masu zobe 11.7. In aka ɗora wannan kan kilo 128 na Hajiya, baifas zai bar ta a wajen 95, silib 104, zobe 113. Da na karanta mata, ta yi shiru, domin a ranta 65 take hange. Babu ɗaya daga cikin ukun da ke mayar da mai kilo 128 budurwa. Nazarin ya kuma nuna haɗarin da ke tattare da su: babbar matsala cikin kwana 30 na farko ta sami kashi 5 na masu baifas, 2.6 na masu silib.

Gwaje-gwajen da aka raba mutane ta ƙuri'a sun fi ƙarfin hujja, biyu kuma sun fito a shekarar 2018 ɗin. Na Finlan, mai mutum 240, ya sami masu baifas sun zubar da kashi 57 na rarar nauyinsu, wato kilon da ya haura nauyin da ya dace da tsawonsu, a shekara biyar, masu silib 49. Na Suwizalan, mai mutum 217, ya sami tazara makamanciyar wannan, wadda ba ta kai a kafa hujja da ita ba. Amma a can ne maganar ƙwannafi ta fito fili. Cikin masu baifas da suka shiga da ƙwannafi, ya bar kashi 60, cikin masu silib kashi 25 kacal. Ya ƙaru ga kusan kashi 32 na masu silib, ga masu baifas kuwa kashi 6. Da 'yan Finlan suka zura wa mutanensu kyamara bayan shekara goma, kashi 31 na masu silib suna da kumburin bututun abinci, masu baifas kashi 7. Dalilin a bayyane yake: siririn tumbi matsi ya yi masa yawa, ruwan tsami sai ya nemi sama. Ɗan aljihun baifas kuwa kusan ba ya yin tsami.

Game da suga, gwajin da Philip Schauer ya jagoranta a birnin Kilibland na Amurka, mai mutum 150, ya nuna a 2017 cewa bayan shekara biyar kashi 29 na masu baifas sun riƙe awon wata uku a 6 ko ƙasa, masu silib 23, masu magani kaɗai 5. A lura, ko a baifas ɗin ba su kai kashi ɗaya cikin uku ba. Wanda ya ce tiyata na kashe ciwon suga har abada ya wuce gona da iri. Wanda ciwonsa bai daɗe ba, bai kuma kai ga insulin ba, shi ya fi samun sa'a. Shekara shidan Hajiya da allurarta sun sa likitan ya ce mata ta sa ran sauƙi, kada ta sa ran sallama.

Sai dai duk waɗannan alƙaluma daga ƙasashen da ake kiran mara lafiya a waya in ya ƙi zuwa awo suke, inda motar asibiti ke zuwa ƙofar gida. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a lamarin Hajiya, domin baifas aiki ne mai bin bashi. Farkon hanjin da aka tsallake nan ne jiki ya fi tsotsar sinadarin ƙarfe da kalsiyam. Bitamin B12 kuma sai da taimakon tumbi yake shiga jini. Don haka mai baifas zai sha bitamin har ƙarshen ransa, a riƙa ɗibar jininsa ana dubawa. Mai silib ma yana sha, amma in ya yi sakaci bai kai mai baifas shan wuya ba. Ga macen da jininta ya riga ya yi ƙasa, wannan babbar hujja ce ta silib. Ta biyu ita ce dikilofenak. Shi da 'yan uwansa irin su ibufurofen suna haddasa gyambo daidai wurin ɗinkin aljihu da hanji, don haka mai baifas an raba shi da su. Ta uku ita ce hanji na iya zamewa cikin ramukan da sabon haɗin ya bari ya murɗe, ko bayan shekaru, kuma in haka ta faru sa'o'i ake ƙirgawa. Mai ciwon ciki mai tsanani da tsakar dare a Agege, ko a mota tsakanin Lakwaja da Abuja, yana buƙatar likitan da zai gane abin da aka yi wa cikinsa.

Zuwa nan ma'auni ya tsaya a tsakiya. Suga, ƙwannafi da yawan nauyi suna kiran baifas. Ƙarancin jini, gwiwa da tafiye-tafiye suna kiran silib.

Kyamara

Likitan ya ƙi yanke magana sai an zura mata kyamara ta baki. Hajiya ta yi ƙorafin kuɗin, ta ce ƙawarta ba a yi mata ba. Abin da aka gani: ƙasan bututun abincinta ya yi ja ya saɓule saboda tsami, saman tumbinta ya ɗan haura cikin ƙirji ta ƙofar tantanin da ya raba ƙirji da ciki, sannan akwai ƙwayar cutar nan ta H. pylori mai kawo olsa, wadda ta yi yawa ƙwarai a Najeriya. Da wannan hoto, a yi mata silib kamar a sayi ƙwannafi ne na dindindin, kuma mafitar mai silib da ƙwannafi ya gagara ita ce a sake kwantar da shi a mayar da aikin baifas. Tiyata biyu, kuɗi biyu.

Aka kira maigidan. Dattijo ne mai harkar goro, bai cika magana ba. Ya saurari tafintata har ƙarshe, sannan ya ce, «Malama, tambaye shi, mutum nawa ke mutuwa?»

Likitan ya ce a hannun ƙwararru ɗaya ne zuwa uku cikin dubu, kusan daidai da cire matsarmama, kuma abin da ya fi kashewa shi ne yoyon ɗinki da gudan jini mai toshe huhu. Ya ƙara da cewa zama da ƙibar ma yana da nasa lissafin. Binciken Suwidin da aka fara a 1987, mai mutum fiye da 4,000, ya nuna a 2007 cewa mutuwa ta ragu da kusan kashi 29 cikin 100 a cikin waɗanda aka yi wa tiyata.

Alhaji ya juya ga matarsa. «Hajiya, jikinki ne. Amma ni Masar ɗin nan ba ta kwanta mini ba. In abu ya tashi bayan kin dawo, wa za mu kira?»

Ya taɓo inda ke ciwo. Yoyon ɗinki ba lallai ya nuna kansa a asibiti ba, yakan bayyana bayan kwanaki ko makonni, da bugun zuciya sama da 120, zazzaɓi, da ciwon kafaɗar hagu. A Masar da Indiya da Turkiyya akwai ƙwararrun da suka yi dubban irin wannan aiki, ba na musu. Matsalar tsarin dunƙule ce, wanda ke ƙarewa a filin jirgi. Mutum ya hau jirgi na sa'o'i da sabon ɗinki, lokacin da haɗarin gudan jini ya fi yawa, ya sauka da takarda guda, wani lokaci ko sunan aikin ba a rubuta sosai ba. Alhaji ya kuma je wurin limamin masallacinsu, domin wata 'yar uwarsa ta ce wannan canza halitta ne. Liman ya ce masa neman magani ne, ba ado ba.

Hajiya ta yarda da baifas, likitan kuma ya gindaya sharuɗɗa, ya ce in ba a cika su ba ba zai taɓa ta ba. A kashe H. pylori da magani na mako biyu, a sake gwaji a tabbatar. A ɗaga jininta da ƙarin sinadarin ƙarfe ta jijiya. A sa mata robar mahaifa mai sinadari, wadda ke rage jinin al'ada kuma ta hana ciki, domin ba a son ciki kafin wata 12 zuwa 18, ƙwayar tsarin iyali kuma ba abin dogaro ba ce bayan baifas. Wannan sharaɗi sai da aka kai ruwa rana a gida kafin Alhaji ya amince. Ta bar dikilofenak tun yanzu, a ga ko za ta iya rayuwa da farasitamol da man shafawa. Ta sauke suga. Ta kwana da na'urar da ke hura mata iska saboda minsharin. A ganina waɗannan watanni huɗu na shiri su ne ainihin gwajin, domin wadda ta kasa su ba za ta iya abin da ke bayan aikin ba. Ta iya, ban da na'urar, wadda janareta ya hana ta amfani da ita kowane dare.

An sa ranar a watan Mayun 2023, bayan Ƙaramar Salla, da gangan, don a sami kusan wata goma kafin wani azumi. Mako biyu kafin ranar aka hana ta shinkafa, tuwo, burodi da mai, don hanta ta saki kitse ta ba likita wurin aiki. An yi aikin ta huji biyar, aka gyara saman tumbin da ya haura. Da yammar ranar aka tayar da ita tafiya. Kwana uku aka sallame ta, ba tare da insulin ba.

Bayan aikin

Mako biyu na farko ruwa-ruwa: romon kaza da aka tace, kindirmo marar suga, ruwa kurɓi-kurɓi. Sai mako biyu na abin da aka dama, sai mai laushi. Ana son ta sami giram 60 na furotin a yini a cikin da ba ya ɗaukar fiye da 'yan cokula, don haka alale, dafaffen ƙwai, awara da kifi suka zama abincinta. Ba a haɗa ci da sha, sai an ba da rabin awa. Burodin Agege, wanda da shi take karyawa tun tana amarya, tsaya mata yake a ƙirji. Tsire da kilishi sai bayan watanni, su ma da tauna mai yawa. Babbar 'yarta ce ta ɗauki ragamar kicin, ita ke cewa, «Umma, ajiye cokalin, ki ƙirga ashirin.»

A wata na uku, a wani suna a Idi-Araba, aka miƙo mata kunun aya mai sanyi da ya sha suga. Kunya ta hana ta mayarwa, ta shanye rabin gora. Cikin minti ashirin gumi ya wanke ta, zuciya na dukan uku-uku, jiri ya ɗebe ta, aka shimfiɗa mata tabarma a ɗakin mai jego, mata suka fara salati. Wannan sanannen abu ne ga masu baifas: zaƙi ya zubo hanji a lokaci guda, ya jawo ruwa daga jini. Ya wuce cikin awa ɗaya. Tun ranar ba a ƙara yi mata wa'azin lemon kwalba ba.

Abin da ya fi wannan haɗari a wata na bakwai ya zo. Ta je Kano, ta yini a tsaye a Kwari, gwiwa ta tashi, wani yaron shago ya karɓo mata haɗin maganin ciwon jiki a kemis, ƙwayoyi huɗu a ƙullin leda babu suna. Ta sha kwana biyar. Ta dawo Legas da zafi a ƙahon zuciya da baƙin bayan gida. Kyamara ta nuna gyambo a bakin ɗinkin. Allah ya sa bai huda ba, wata uku na omefurazol ya warkar da shi, amma jininta ya sake faɗuwa, sai da aka ƙara mata ƙarfe ta jijiya. Wannan shi ne ainihin abin da aka ji tsoro tun farko, kuma da silib aka yi mata da wuya ya zo da wannan sauri. Yanzu akwai kati a jakarta, da Hausa da Turanci, mai sunan aikin da magungunan da aka hana ta.

Sai kuɗi. Wata guda bayan aikin aka saki naira, dalar da ke wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,400 a farkon 2024. Bitamin na musamman da ake shigowa da su don masu irin wannan tiyata suka fi ƙarfin lissafin da aka yi. Muka zauna da mai ba da shawarar abinci muka haɗa mata daga abin da ake samu a nan: bitamin na gama-gari, ƙwayar ƙarfe daban, kalsiyam daban da tazarar awa biyu tsakaninsu don kada su hana juna shiga, da allurar B12 duk wata uku, wadda nake yi mata.

Gashinta ya zube tsakanin wata na uku da na shida, ya dawo. Abin da bai wuce da sauri ba shi ne bakin mutane. A wurinmu mace in ta yi jiki an ce tana jin daɗin gidan miji, in ta rame a wata shida sai a fara tambayar me ake ɓoyewa. Wasu suka ce ciwon daji ne, wasu suka faɗi wanda ya fi haka muni, wata ta kawo mata rubutu. Surukarta ta bugo daga Kano tana yi wa Alhaji faɗa. Da farko Hajiya ta so ta rufe maganar, daga baya ta ga rufewar ta fi tsada, ta fara cewa kai tsaye, «Aiki aka yi mini saboda suga.»

Azumin 2024 ya kama a watan Maris, tana kan maganin gyambo, likita ya hana, ta sha, ta rama a hankali daga baya. Wahalar azumi ga mai ɗan aljihu ba yunwa ba ce, ruwa ne: a shigar da lita ɗaya da rabi kurɓi-kurɓi tsakanin magariba da sahur, ba a haɗa da abinci ba, kuma ba a buɗe baki da kunu mai zaƙi.

A wata na 18 nauyinta kilo 91, ta sauke 37, kusan kashi 29 cikin 100. BMI ɗinta 34, wato har yanzu a littafi mai ƙiba ce. Awon suga na wata uku 6.2, da metfomin kaɗai. Maganin hawan jini ya koma ɗaya. Ƙwannafi ya tafi, minshari ya ragu ƙwarai. Tana sujada a ƙasa, ko da yake gwiwar dama, wadda ta riga ta cinye, ba ta daina ciwo ba.

A 2025 aka buga sakamakon wani gwaji na Ingila da ya raba mutum fiye da 1,300 tsakanin ayyukan uku. Bayan shekara uku, kashi 68 na masu baifas sun zubar da aƙalla rabin rarar nauyinsu, masu silib 41, masu zobe 25. Wannan ya ƙara wa baifas nauyi a ma'auni, amma ba zan ce da kowa ya bi sawun Hajiya ba. Da kyamara ta nuna bututun abincinta lafiya lau, da silib zan goya wa baya, saboda jininta da gwiwarta da kemis ɗin da ke kowace kwana. Da kuma a wani ƙauye take zaune inda awon B12 sai an yi tafiyar yini, ko da ƙwannafin sai na yi dogon tunani. An yi mata baifas ne saboda abin da aka gani a cikinta, kuma ya yiwu ne saboda tana da 'ya mai tsaya mata, da miji mai biyan kuɗin awo, da likitan da ke ɗaga waya.

Daga shekara ta biyu nauyi yakan fara hawa kaɗan-kaɗan, nata ma ya ƙaru da kilo uku a awon baya. Fatar ciki da ta damatsa ta saki, tana yi mata ƙuraje lokacin zafi, tana tambayar kuɗin cire ta, likita ya ce sai nauyin ya tsaya cak. Awon jini na gaba ya faɗo daidai lokacin kasuwar Salla, ta ce a ɗaga mata, na ce a'a, muka daidaita kan za ta zo da sassafe kafin ta wuce Balogun.